Bin Sawu a Ɗaki na Shida

Kakana mai bin sawu ne.
In aka kore saniya da dare a Kujama
shi ake tasa da asuba,
ya durƙusa, ya dubi laka,
ya ce: kofaton hagu a tsage yake,
ɓarawon kuma yana ɗingishi.

Ni ba ni da laka.
Faranti biyar gare ni na gilashi,
da firjin da ke tari in an ɗauke wuta,
da abin da ya tsiro cikin kwana uku,
kore-kore, mai gashi, irin na tuwon da aka manta.
Fumfuna.
Wadda ni da kai muke shaƙa kullum mu wuce,
ko atishawa babu.

Amma Ɗaki na Shida ba na masu wucewa ba ne.
Can jiki ya ajiye garkuwa.
Malam Tanimu na Rigasa, ƙodar ƙaninsa a cikinsa,
yana shan maganin da ke hana jiki korar baƙo,
ashe kowane baƙo ne.
Kuyet, 'yar shekara tara daga Sabon Tasha,
maganin daji ya kwashe mata gashi,
ya bar mata dariya.
Baba Shekwolo. Hajiya Indo. Sadisu mai tattabaru.
Biyar, a Agusta ɗaya, tari iri ɗaya.

Kafin sakamako, baki ya yanke hukunci.
Aka ce Larai ce, mai goge-goge,
tsummanta ɗaya daga gado zuwa gado.
Aka ce ta zauna gida tukuna.
Ba ta ce uffan ba,
sai dai ta wanke bokitin kafin ta tafi.

A ido, duk biyar ɗin fuskarsu ɗaya.
To amma kama da wane ba ta wane.
Na fasa su, na tatso zaren gadonsu,
na ba na'ura ta karanta.
Haruffa huɗu kacal, suna maimaita kansu
kamar mai in'ina,
kuma a in'inar ake gane 'yan gida ɗaya:
wannan ya sarƙe sau goma sha ɗaya,
wancan ma sha ɗaya.

Na ɗauki tsinken auduga na bi ɗaki.
Na shafi famfo, labule, tsumman Larai,
na hau tsani na shafi wani tabo a silin
saman gado na uku,
inda damina ke ɗiga tun bara,
aka rufe shi da fenti ranar da manya za su zo.

Ƙarfe biyun dare, ruwa na dukan kwano,
layuka suka jeru a gabana.
Huɗu ciki ɗaya suka fito,
uwarsu kuma tana silin, tana ta haihuwa a duhu.
Ta Sadisu bare ce, ba ta da dangi a nan,
wataƙila daga ɗakin tattabarunsa ya ɗauko ta a ƙirji.
Tsumman Larai kuwa,
sabulu, sai sabulu.

Baba Shekwolo bai jira ba.
Ran Talata 'ya'yansa suka naɗe tabarma,
suka bar filas ɗinsa ƙarƙashin gado.

An kwashe sauran, an ɓalle silin.
Larai ta dawo ran Litinin,
ba wanda ya ce mata yi haƙuri,
ni ma gaishe ta kawai na yi, na daɗe ina gaisuwar.
Kuyet ta tambaye ni sunan abin da ke ƙirjinta,
na faɗa mata, ta ce ya yi tsawo,
ita Kwaɗo za ta kira shi.

Kakana yakan dawo da saniya a igiya.
Ni takarda ɗaya na dawo da ita,
da lambobi, da sa hannu,
da tabon fenti a kafaɗar rigata
wanda har yau bai fita ba.